Murjani: 'Yar Dabbar da ke Gina Tudu a Cikin Teku

Iyayenmu mata sun san murjani tun kafin zuwan boko. Jan dutsen ado ne da ake hudawa, a zura a zare, a rataya a wuya. Na ainihi, ba irin na roba da na gilas da suka cika kasuwa yau ba, daga Bahar Rum yake fitowa. A dā masunta ke ciro shi daga ƙarƙashin ruwa a gaɓar Italiya da Tunisiya da Aljeriya, fatake su ratso Sahara da shi a kan raƙuma har kasuwar Kano. Alƙur'ani ma ya ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Amma ku tambayi mai saye da mai sayarwa asalinsa, kusan kowa zai ce muku dutse ne. Alhali ƙashin wata 'yar dabbar teku ne.

Jan murjanin ado yana da dangi ɗaruruwa, kuma a kansu wannan darasi zai fi tsayawa. Shi ja ba magini ba ne. Yana maƙale a lungunan duwatsu inda haske bai cika kaiwa ba, yana girma a hankali ƙwarai. Danginsa na ruwan ɗumi su ne magina. Su suka tayar da tuddai masu tsawon ɗaruruwan kilomita a ƙarƙashin teku, su suka samar da tsibiran da mutane ke zaune a kai yau da gidajensu da masallatansu.

Tsiro ne ko dabba?

Masana sun daɗe cikin ruɗu a kan wannan halitta, kuma ba a ga laifinsu ba. Abu ne mai rassa, ba ya motsawa daga inda yake, in an fito da shi ya bushe ya yi tauri. A 1706 wani masani ɗan Italiya, Luigi Marsigli, ya sa reshen jan murjani a cikin ruwan teku, ya ga wasu fararen abubuwa masu kunnuwa takwas sun buɗe a jikinsa. Ya ce ga furanni, ashe tsiro ne. Bayan kimanin shekara 20 wani likita mutumin Marsel ta Faransa, Jean-André Peyssonnel, wanda ya bi masuntan murjani a gaɓar Arewacin Afirka, ya ƙura wa furannin nan ido da kyau. Ya ga suna motsi, suna miƙewa, in an taɓa su kuma su shige ciki. Ya ce dabbobi ne. Manyan masanan birnin Faris ba su yarda da shi ba, sai bayan shekaru maganarsa ta samu karɓuwa.

Wannan 'yar dabba masana na kiranta folif. Yawancinsu faɗinsu bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, ko da yake akwai manya. Jikinta 'yar jaka ce mai taushi, gindinta a manne da wuri mai tauri, bakinta yana kallon sama. Kewaye da bakin akwai siraran yatsu: shida-shida ko ninkinsu a wajen magina, takwas a wajen jan murjani da danginsa masu taushi. Ba ta da ido, ba ta da zuciya, ba ta da ƙwaƙwalwa, sai dai jijiyoyin ji da suka bazu a jikinta. Ƙofa ɗaya gare ta, ta nan abinci ke shiga, ta nan saura ke fita.

Yawanci da rana tana ƙudundune, da dare take miƙa yatsunta ta yi farauta. A jikin kowane yatsa akwai dubban ƙwayoyin harbi, kowace da siririn zare mai dafi a naɗe a cikinta. Da zarar wani ɗan ƙwaron ruwa ya gogi yatsan, sai zaren ya fita da gudun da ido ba ya gani, ya soke shi, ya kashe masa jiki. Sai yatsun su lanƙwaso su kai shi baki.

Yadda take gina ƙashinta

Ruwan teku cike yake da narkakkun sinadarai. Folif tana jawo biyu daga ciki, kalsiyam da kabonet, ta haɗa su a ƙarƙashin gindinta su zama farin dutse. Wannan sinadari ba baƙo ba ne gare ku: shi ne ɓawon ƙwai, shi ne ƙoƙon katantanwa, shi ne dutsen farar ƙasa. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti da shi, ragowar ɓawon halittun teku ne na zamanin da ruwan teku ya rufe wannan yanki, fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce.

Da wannan farin dutse take gina wa kanta ɗan gurbi inda take zama, take kuma ɓuya in ta ji haɗari. Ba ta daina ginin. Lokaci-lokaci sai ta ɗaga jikinta sama, ta yi sabon daɓe a ƙarƙashinta, ta bar tsohon gurbin a rufe. Tana cikin haka kuma tana tsiro da 'ya a gefenta, ko ta rabe gida biyu, kowane ɓangare ya zama cikakkiyar folif. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama dubbai, duka a haɗe da fata guda, har abin da wata ta ci yakan kai ga maƙwabciyarta. Curin murjani ɗaya da mai ninƙaya zai gani, ko ya kai girman ɗaki, daga folif ɗaya tak ya faro.

A nan akwai abin da nake so ku riƙe da kyau. Abin da ke da rai a jikin wannan curi 'yar fata ce ta sama, kaurinta 'yan milimita ne kawai. Duk abin da ke ƙarƙashi ƙashi ne da na baya suka bari. Shi ya sa taka murjani da ƙafa ko jefa masa angar jirgi ɓarna ce babba: a daƙiƙa ɗaya a kankare abin da ya ɗauki shekaru yana tasowa. Murjani mai curi yakan ƙaru da kimanin santimita 1 a shekara. Mai rassa ya fi sauri, yana iya yin santimita 10 ko fiye.

Baƙuwar da ke cikin jikinta

Ruwan da murjani ya fi so garai-garai yake, shuɗi, ana hango ƙasa. Ruwa kuwa ba ya yin haka sai in babu abinci sosai a cikinsa. To da me dabbar da ba ta zuwa ko'ina take samun ƙarfin wannan gini a wurin da babu abinci? Farautar dare kaɗai ba za ta ishe ta ba.

Amsar tana cikin fatarta. A cikin ƙwayoyin jikin folif akwai wata irin gansakuka mai ƙwaya ɗaya, wadda ba a ganinta sai da madubin ƙara girman abu. Masana na kiranta zuzantali. A kowace santimita ɗaya murabba'i ta fatar murjani ana samun kimanin miliyan ɗaya ko fiye. Kamar kowane tsiro, gansakukar nan tana haɗa abinci da hasken rana da ruwa da iskar kabon. Kaɗan take ci, ta miƙa wa folif saura, har yakan kai kashi 90 cikin ɗari na abin da folif ke bukata. Ita kuma folif ta ba ta mafaka, ta ɗaga ta zuwa haske, ta ba ta iskar kabon da dattin jikinta, wanda shi ne takin da gansakuka ba za ta samu a wannan ruwa ba.

Mun san irin wannan zama a ƙasarmu. Bayan girbi makiyayi kan sauka a gonar manomi da yardarsa: shanu su ci kara da harawa, gona ta sha taki, gidan manomi ya samu nono. Abin da ɗaya ya yar, shi ne arzikin ɗayan. Haka folif da baƙuwarta suke, sai dai su ba sa rabuwa ko rani ko damina. Launin ƙasa-ƙasa da kore-kore da ake gani a jikin murjani ma yawancinsa na gansakukar ne, don fatar folif kusan garau take.

Wanda ya fahimci wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, sauran darasin zai zo masa da sauƙi. Tunda gansakuka ba ta aiki sai da rana, murjani magini ba ya nisa da saman ruwa. Yawancinsa bai wuce zurfin mita 50 ba, kuma ya fi ƙarfi a mita 20 na sama. Yana son ɗumi, digiri 23 zuwa 29 a ma'aunin Selshiyos, kuma ba ya gina tudu inda ruwa ke sauka ƙasa da digiri 18. Yana son gishiri cikakke. Ba ya son laka, don tana tare haske tana kuma toshe masa baki.

Wannan ne dalilin da ya sa ba a samun manyan tuddan murjani a gaɓar Najeriya duk da zafin ƙasar. Kogin Kwara da Binuwai da ƙananan koguna masu yawa suna juye ruwan daɗi da laka a teku dare da rana. A wasu sassan gaɓar Afirka ta Yamma kuma ruwa mai sanyi kan taso daga ƙasan teku a wasu watanni. Bahar Maliya akasin haka take: hamada ce hagu da dama, babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta, ruwanta garau ne ga gishiri. Shi ya sa murjani ya yi mata layi tun daga Masar har Iritiriya.

Daren haihuwa

Rabewa tana ƙara girman curi, amma ba ta kai murjani sabon wuri. Wannan aikin ƙwai ne. A babban tudun murjani na Ostareliya, 'yan kwanaki bayan wata ya cika a Oktoba ko Nuwamba, murjani iri fiye da 100 kan saki ƙwai da maniyyi a 'yan dararen da suka biyo juna, kowane iri da sa'arsa bayan faɗuwar rana. Ƙananan ƙullutu ne masu launin ja-ja, biliyoyinsu, suna tasowa a hankali zuwa saman ruwa inda suke fashewa su haɗu. Ɗumin ruwa ne ke nuna musu watan, hasken farin wata ya nuna musu daren. Yawan ne dabarar: kifaye su ci iya cinsu, saura ya tsira. Masana ba su gano wannan al'amari ba sai farkon shekarun 1980.

Daga ƙwan sai 'yar tsutsa ta fito, ta yi kwanaki ko makonni igiyar ruwa na yawo da ita, sannan ta nutse tana neman wuri mai tauri, mai tsabta, mai haske. In ta dace ta manne, shi ke nan, ta zauna har abada. Mafi yawansu ba sa dacewa.

Daga curi zuwa tudu

Tudun murjani ba aikin murjani kaɗai ba ne. Igiyar ruwa tana karya rassa. Wasu halittu suna huda ƙashin suna raunana shi. Akwai kifi mai baki irin na aku da ke gatsar dutsen don cin gansakukar da ke kai, ya niƙa shi a maƙogwaro ya fitar da shi rairayi. Farin yashin da ke bakin tsibirai da yawa ta cikin wannan kifi ya biyo. Ɓaraguzan da rairayin su cika ramuka, sai wata jar gansakuka mai tauri ta bi ta kai ta liƙe su wuri guda. A kan wannan sabon daɓe wasu 'ya'yan murjani su sauka su ci gaba. Gini da rushewa tare suke tafiya, kuma tudu ba ya tashi sai in gini ya rinjayi rushewa.

Tuddan suna da siffa uku. Akwai na gefe, wanda ke manne da gaɓa. Akwai na shinge, wanda ke can nesa da gaɓa, tsakaninsu da tafkin ruwan teku. Akwai kuma na zobe, wanda ya fi ba da mamaki: da'irar murjani a tsakiyar teku mai zurfin kilomitoci, tafki a cikinta, babu wani tsauni a kusa. Ta yaya dabbar da ba ta rayuwa a zurfi ta fara gini daga can ƙasa?

Charles Darwin, masanin Ingila, shi ya warware wannan. Ya yi tafiyar teku daga 1831 zuwa 1836 a jirgin Beagle, ya ga tuddan Tahiti, ya sauka a tsibiran Kokos na Tekun Indiya a 1836, ya fitar da littafinsa a kan tuddan murjani a 1842. Ya ce siffofin nan uku matakan abu ɗaya ne. Dutse mai aman wuta ya taso daga ƙasan teku ya zama tsibiri, murjani ya kewaye gefensa. Bayan wutar ta mutu, tsibirin ya fara nutsewa sannu a hankali. Murjani kuwa dole ya bi haske, sai ya riƙa ƙara gini sama daidai da nutsewar. Tsibirin yana ƙanƙancewa, tazara tana buɗewa tsakaninsa da murjanin, na gefe ya koma na shinge. Tsibirin Bora Bora a Tekun Fasifik a wannan mataki yake yanzu, ragowar tsauni a tsakiya, murjani a kewaye. Ranar da kan tsaunin ya ɓace a ruwa, sai zobe ya rage.

In maganar Darwin gaskiya ce, wanda ya haƙa zobe zai ratsa murjani mai kauri ƙwarai kafin ya tarar da dutsen aman wuta. An gwada a zoben Funafuti daga 1896 zuwa 1898, aka kai kimanin mita 340, har yanzu murjani ne. Sai a 1952, shekara 70 bayan rasuwarsa, Amurkawa suka haƙa zoben Eniwetok a tsibiran Marshal, inda suke gwajin makaman nukiliya a lokacin. A rami ɗaya sun ci karo da dutsen aman wuta a mita 1,283, a ɗayan a mita 1,405. Abin da ke can ƙasa kuwa ragowar halittun da ke rayuwa a ruwa marar zurfi ne. Wato fiye da kilomita ɗaya na gini, hawa a kan hawa, cikin miliyoyin shekaru.

Ba kowane tudu ne ya bi wannan hanya ba. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, teku ta yi ƙasa da inda take yau da wajen mita 120. Da ƙanƙarar ta narke ruwa ya hau, murjani ya bi shi. Babban tudun shinge na Ostareliya, mai tsawon kilomita 2,300 da tuddai kusan 2,900, a kan tsoffin tuddai da tsohuwar gaɓar da ruwa ya cinye ya taso, kuma siffarsa ta yanzu ba ta wuce shekara 6,000 zuwa 8,000 ba.

Amfaninsa ga mutane

Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a nan suke samun abinci ko mafaka. Miliyoyin masunta a Indunisiya da Filifin da gaɓar Afirka ta Gabas da su suka dogara. Tudu lafiyayye yana karya fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai gari. Ƙasar Maldibis gaba ɗayanta a kan zobban murjani take, kuma tsohon masallacin Juma'a na babban birninta, Male, da dutsen murjani aka gina shi a ƙarni na 17. Alhazanmu na dā da suka bi ta ƙasa suka tsallaka daga Suwakin ta Sudan, a garin da aka gina da dutsen murjani suka jira jirgi, kuma tsoffin benayen Jidda da suka tarar a ɗaya gaɓar da shi aka yi su.

Idan zama ya lalace

Zaman folif da gansakukarta yana da iyaka, kuma iyakar zafi ce. In ruwa ya haura zafin da ya saba kaiwa a bazara da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, aikin gansakukar yakan rikice ta fara fitar da sinadarai masu cutar da folif. Sai folif ta kore ta. Launi ya tafi, farin ƙashi ya bayyana ta cikin fata, tudu duka ya yi fari fat. Murjanin bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri yana iya karɓar gansakuka ya farfaɗo. In zafin ya daɗe, ya mutu, ciyawar ruwa ta rufe shi.

Wannan ya faru a tekunan duniya gaba ɗaya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, kuma a Afrilun 2024 aka tabbatar da karo na huɗu. A 2016 kaɗai kusan kashi 30 cikin ɗari na murjanin ruwa marar zurfi na babban tudun Ostareliya ya mutu. Murjani mafi saurin girma yana bukatar shekara 10 zuwa 15 kafin ya mayar da abin da ya rasa, ga shi kuwa zafin yana dawowa tun kafin nan. Wannan shi ne abin da ya fi tayar da hankali a lamarin. Tushensa hayaƙin fetur da kwal da gas ne da ke ɗumama duniya, ɗumamar da manomanmu da makiyayanmu su ma suke ji a jikinsu. Teku tana shanye kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da mutane ke fitarwa, wannan kuma yana ƙara wa ruwanta tsami, ya sa haɗa farin dutse ya yi wa folif wuya. Ga kuma ɓarnar kusa: kamun kifi da nakiya ko guba, dattin gari, da lakar da zaizayar ƙasa ke kaiwa teku. Waɗannan na kusa hukuma da masunta suna iya hana su tun yau, kuma tudun da aka sauƙaƙa wa su ya fi saurin farfaɗowa bayan zafi.

A arewacin Bahar Maliya, a mashigin Aƙaba, an gwada murjani an ga yana jure zafin da ya haura nasa na yau da kullum da digiri da yawa ba tare da ya yi fari ba. Masana na ganin kakanninsa ta kudancin tekun suka shigo bayan zamanin ƙanƙara, inda ruwa ya fi zafi, masu juriya kaɗai suka wuce. A gaɓar Sudan kuma an keɓe tudun Sanganeb, kimanin kilomita 25 daga bakin teku, da mashigin Dungunab, aka sa su cikin kayan gadon duniya na UNESCO a 2016.

Aikin aji

Kowa ya zo da ɓawon ƙwai wankakke da lemun tsami. A daka ɓawon kaɗan, a raba shi a kofi biyu masu haske. A zuba ruwa zalla a ɗaya, a matse lemun tsami a ɗayan har ya rufe ɓawon. Ku duba wanne ne ke fitar da 'yan kumfa, ku ajiye su zuwa darasi na gaba ku taɓa ku ji bambanci. Tsamin lemu ya fi na teku nesa ba kusa ba, amma sinadarin da yake ci shi ne na ƙashin murjani. Bayan haka ku kasu rukuni uku, kowane rukuni ya zana siffa ɗaya ta tudu a allo, ta gefe ko ta shinge ko ta zobe, wani daga cikinku ya tashi ya yi wa aji bayanin yadda ta farko ke komawa ta ƙarshe.